Tiren Nakkasa

Ka'akiyya, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga aminina kuma surukina Malam Ma'aruf, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gwiwar nan taka mai ciwo, da 'yarmu Jawahir da yaranta. Mu nan sai godiya, 'yata Zainabu tana gaishe ka. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san allo ma ban yi nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Amma gara in rubuta, don maganar waya iska ce, kuma kai ba ka cika ɗauka ba in ka ga ni ne.

Ma'aruf, akwai maganar da ta daɗe a cikina, tun ranar walimar kofi a Nakkasa, tsohuwar unguwarmu ta kan dutse. Ranar da yaron nan nawa, mijin 'yarka, ya ciyo kofin ƙwallo da ɗaliban kulliyar sana'a da ke gindin dutsenmu. Ka san ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, to ka gane wanda nake nufi. A gaban umda, mai unguwarmu, da liman da duk mutanen hara, wato unguwa, ka miƙe ka ce ka samo masa aiki a babbar kulliya a Jidda, zai zama mudarrib, shi zai riƙa horar da 'yan ƙwallonsu. Na ce kada a ɗauke shi, shukar nan ba ta dasuwa. Ka ce ni nawa gashin tsire ne, in bar maganar ƙwallo ga masu ita. Aka yi dariya. Wasu haƙoran da suka yi dariyar nan yanzu sun zube, amma ni ban manta ba.

To ga shi. Kulliyar farko ta sallame shi, ka sake nemo masa ta biyu, yanzu kuma Nasir direba, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce mini ana ta cinye su kamar gyaɗa. Ya ce an gaya wa yaron bana ce ta ƙarshe, in bai gyara ba ya kama gabansa.

Tunda ranar nan ba ka bar ni na ƙarasa ba, yau zan ƙarasa. Kana tsammanin usur ne ya ci kofi? Yaran kulliyar nan kusan dukansu 'ya'yan hararmu ne. Tun suna ƙanana suke hawa matakalan Nakkasa da tukunyar gas a kafaɗa, saboda mota ba ta isa ƙofar kowa. Wanda ya taso haka, fili shimfiɗaɗɗe hutu ne a wurinsa.

Sannan ga tire. Duk jajibirin wasa, bayan la'asar, marigayiya matata Mairama takan dafa shinkafa, ni kuma in zuba tsire a kai, a babban tiren nan da ka sani. Da gangan nake rage naman, kada ya ishi hannuwa. Su zauna su kewaye shi, yaron kuwa ba ya ci, ruwa yake zuba musu yana kallo. Wanda hannunsa ya riga na kowa kai wa tsoka, gobe shi ne a gaba. Wanda ke tura nama gaban na kusa da shi, tsakiya. Wanda ya kafa gwiwa ba mai tsallako gefensa, baya. Usama kuwa, ɗan gidan mai wanki, ƙwayar shinkafa ba ta taɓa kuɓuce masa ba, shi ya sa aka ba shi raga.

Na uku, kuma shi ne babba: iyaye. In yaro ya ƙi zuwa atisaye, ba a yi masa tsawa a fili. Da yamma a raɗa mini a wurin tsire, da asuba in tare ubansa a ƙofar masallaci. Kafin rana ta fito yaron yana gudu a matakala. Ba uban da ya taɓa ɓata mini rai, godiya suke yi, don ɗa na kowa ne.

Wannan ka raba shi da shi, ka kai shi inda ba dutse, ba tire, ba masallaci ɗaya. Yanzu dutsen ma an rushe, Mairama tana ƙasa, ni ina hawa na uku a gidan Zainabu ina kallon titi. Amma tiren yana nan, na hana a bayar. Ka gaya masa ya aiko a ɗauka.

Ka gaida Jawahir, ka shafa mini kan yara. Ina jiran amsa ta hannun Nasir.

Naka,
Wada mai tsire


Ka'akiyya, Makka
Watan Sha'aban

Zuwa ga Malam Ma'aruf.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashinka. Nasir ya ce ya same ka kana shafa wa gwiwa magani. Allah ya sawwaƙe. Ya kuma ce ka karanta takardata har ƙarshe, ka ninke, ka ce a gaishe ni. Na amsa gaisuwa, amma ba ita na aika nema ba.

Abin da ka ɓoye mini, mata sun gaya wa juna. Jawahir ta faɗa wa Zainabu cewa yaron ya gwada tire tun bara, bai bari na sani ba. Ya sayi nasa, ya yi odar shinkafa daga gidan abinci, ya tara su. Rabi ba su zo ba. Waɗanda suka zo, wani ya nemi cokali, wani ya ce likita ya tsara masa abin da zai ci, wani ya ɗauki hoto ya watsa ana dariya. Ban yi mamaki ba. Shinkafar da ba uwar kowa ce ta dafa ba, kuma naman ya wadaci kowa, me za a gani a ciki?

Ta kuma ce akwai wani Sami, shi ne ɗan gabansu, duk kulliyar ba mai ƙafarsa. Yana zuwa atisaye ranar da ya ga dama, ya ajiye mota, ya shigo yana waya, sauran kuma suna koyi da shi. Yaron ya ajiye shi a benci aka cinye su, ya sa shi aka cinye su. Na ce a tambayo mini ko an gaya wa ubansa. Zainabu ta yi dariya ta ce Baba, a can ba a haka.

Ina ne ba a haka? Akwai garin da uba ba ya son a gyara masa ɗa? Matsalar yaron nan kunya, tun yana ƙarami haka yake, ba ya iya tarar babba da magana. A Nakkasa ni nake ɗaukar masa wannan kayan. Kai da kake kusa, kana da Larabcin ofis, ga gemu, me ya hana ka? Ka iya nemo aiki, ba ka iya riƙe shi ba.

To ba zan zauna ina ji ana tozarta shi ba. Kafin azumi ya kama zan shigo Jidda. Kada ka gaya masa, zai ce in zauna. A wurinka zan sauka, in akwai tabarma.

A gaida mutanen gida.

Amininka,
Wada


Ka'akiyya, Makka
Bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Malam Ma'aruf.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, barka da salla, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina fata gwiwa ta bar ka ka yi tarawi a tsaye. Ni na yi azumi lafiya, sai dai abinci ba ya wucewa.

Tun da na baro gidanka ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Kowa ya yanke hukunci, kai ma ka juya mini ƙeya a ƙofa. To ka ji daga bakina.

Nasir ne ya binciko mini gidan uban Sami, ta wurin wani direban da ke kai yaran. Na yi wanka, na sa farar rigata ta Juma'a. Na gasa tsire da hannuna, na ƙulle da yajin da alhazan Kano suka kawo mini, don ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana. Mai gadi ya so ya hana ni, na ce masa ni mahaifin malamin Sami ne, sai ya buɗe. Bayan la'asar ne, na tarar da mai gidan a majalisa da baƙi, ana shan gahawa. Na tuɓe takalmi, na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ya karɓe ni da kyau, ya zaunar da ni kusa da shi.

Da na sha gahawa sai na faɗi abin da ya kawo ni, da Larabcin da na sayar da tsire da shi tun kafin a haifi Samin. Na ce ɗanka Allah ya ba shi ƙafa, amma ba ya zuwa aiki, ba ya girmama malaminsa, yana lalata 'ya'yan mutane. Na ce ka ja masa kunne tun yana jawuwa. Ban zagi kowa ba. Kana cewa me ya sa a gaban baƙi. To a ƙofar masallacin Nakkasa a ɓoye nake yi? Ai amfanin abin ke nan, jama'a su ji, uba ya ji nauyi.

Mutumin ya yi murmushi, ya ce ya gode, ya sa aka ƙaro mini dabino, har ya ce direbansa ya mai da ni. Na dawo gidanka raina fari. Ka tuna har na ce maka an gama.

Ashe murmushin can ba irin namu ba ne. Kafin mako ya zagayo an kira yaron ofishin mudir, shugaban kulliyar. Wai ya ba da adireshin ɗalibi, wai ya tura mutum gidan iyaye a ci musu mutunci, wai ɗalibin kulliya baligi ne, ba a kai ƙararsa gida. Ya rantse bai sani ba, suka ce in bai sani ba ya fi muni. Aka dakatar da shi.

Kana tsaye lokacin da ya zo. Ka ga bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini. Da Larabci ya yi mini magana, Ma'aruf. Yaron da tun da ya buɗe baki Hausa yake yi mini, ko da ya yi wa duniya Larabci, ranar nan ya tsaya nesa yana ce mini ya walidi, kamar mai karanta takardar hukuma. Ya ce in shirya kayana. Ya kai ni tashar jirgin ƙasa, ya riƙe mini jaka har kujera, ya sumbaci kaina, bai dubi idona ba. Da salla ya turo Jawahir da yara, shi bai zo ba.

Kuna so in ce na yi kuskure. Ba zan ce ba. Abin da na yi wa mutumin nan shi na yi wa uban Usama da uban Hudaifa abokin wasansa, kuma shi ya kawo kofin da ka tsaya kusa da shi aka ɗauke ka hoto. In abu ya zama alheri a Makka ya zama laifi a Jidda, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi biyu ba, sai a gaya mini a wane wuri a hanya ya juye. In kuwa akwai mai laifi, wanda ya ɗauke kifi daga ruwa ne.

Tsiren ma, Nasir ya ji an ce mai gadi aka ba.

Ka je wurin mudir ɗin, kai da ka san su. Ka ce tsoho ne ya yi gaban kansa, wannan kam gaskiya ce. Kada su raba shi da aikinsa.

Wassalam.
Wada


Ka'akiyya, Makka
Watan Muharram

Zuwa ga aminina Ma'aruf.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar shekara, ina tambayar jikinka. An ce yanzu da sanda kake tafiya. Allah ya ba da sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu da muka tsallako Chadi da Sudan a bayan iyayenmu, yau ga mu matakala uku na ba mu tsoro.

Na ji an sallame shi. Na ji kuma ka je wurin mudir har sau biyu da gwiwar nan. Ban yi tsammani ba. Na gode.

Ka san ya dawo Makka, ya kama gida a Zahir. Mota ɗaya ce tsakaninmu, bai tako ba. Wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da Jawahir ta zo ta faɗa mini da bakinta, tana kuka. Wata makaranta a Zahir ta neme shi ya riƙe mata 'yan ƙwallo, ya ƙi. Ya ba ɗansa usur ɗin yana wasa da shi. Yanzu kaya yake kai wa mutane gida-gida a mota. Da ta matsa masa, sai ya ce Baba ya yi gaskiya tun farko, shi bai taɓa zama mudarrib ba. Wai dutse ne da tire da iyaye suka ci kofi, shi ruwa kawai ya zuba.

Ma'aruf, shekara da shekaru ina jiran wani ya ce Wada ya yi gaskiya. Ban san daga bakin nan za ta fito ba, kuma ban san haka take da ɗaci ba. Ni ba haka na ce ba. Ko na ce, ba shi na gaya wa ba, kai nake gaya wa.

Bayan tafiyar alhazai na sa Nasir ya kai ni Nakkasa. Ban gane inda gidanmu yake ba. An yanke dutsen kamar yadda nake yanka tsoka, sai ƙura da manyan motoci. Na tsaya ina neman ƙofar masallacin da nake tare mutane, wani ma'aikaci ya ce in matsa. A hanyar dawowa na biya wurin Usama, golanmu, yanzu motar alhazai yake ja, ya yi tumbi. Na tambaye shi, don Allah me ya sa kuka ci kofi? Na ɗauka zai ce tsoron iyaye. Ya yi dariya ya ce Baba Wada, iyayenmu ai kullum suna faɗa, ko ba ƙwallo. Ya ce shi abin da ya riƙe, ranar da aka zura masa huɗu kowa ya watse ya bar shi, mudarrib ne ya zauna da shi a cikin raga har aka kira magariba. Ya ce daga ranar ya rantse ba zai sake ba shi kunya ba. Hudaifa kuma, da na same shi a shagonsa, ya ce shi don Inna Mairama yake gudu, kada ta ji an cinye su bayan ta sha hayaƙi. Zainabu ta ce duk surutu ne, Allah ne ya haɗa yara masu ƙafa a shekara ɗaya. Kai kuma an ce kana cewa filin Jidda ne ya fi ƙarfinsa.

Kowa da tasa. Ni dai ga abin da na sani. Ni na rage naman, amma na sha zama a gaban tiren nan ban ga komai ba sai yara masu yunwa. Shi ne ya dubi hannun ɗan mai wanki ya ga gola. Ban taɓa gaya masa ba, don uba ba ya yabon ɗan fari, haka muka taras. Amma in idon nasa ne, me ya sa bai gani a Jidda ba? In kuma dutsen ne, to an rushe shi, shi ke nan yaron ya ƙare yana da sauran ƙarfinsa? Wannan ce ba zan yarda da ita ba. Ina juya ta safe da yamma, ba ta kwanta ba.

Ga abin da na yi. Na sauko da tiren, Zainabu ta goge shi. Na yi magana da mahauci. Usama zai zo, Hudaifa zai zo, sun ce za su nemo waɗanda rusau bai jefa nesa ba, kowa ya taho da ɗansa ko ƙanensa da ke makarantar nan ta Zahir, don ashe 'ya'yan hararmu da yawa can suka koma. Juma'a mai zuwa ne, bayan la'asar, a saman gidan Zainabu. Zan rage naman kamar da. Ba zan je gidan uban kowa ba sai in shi ya aike ni. Ban ce na tuba ba, na ce sai ya aike ni.

Saura mai zuba ruwa. Kai ka ɗauke shi daga gabana a gaban jama'a, kai za ka dawo da shi. Nasir zai zo ya ɗauke ka, ku biya Zahir. In matakala ta gagare ka, yaran za su ɗauke ka kamar tukunyar gas, sun saba. Kada ka aiko mini da gaisuwa. Takarda huɗu ke nan, ko alifi ban samu ba.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Amininka tun Nakkasa tana dutse,
Wada

Wannan na ƙasa ba naka ba ne, ka nuna masa. Zai iya karantawa.

Abdulganiyyu. Ga shi na rubuta, uwarka ma ba ta taɓa jin na faɗa ba. Ka zo ka tsaya a kan tiren nan ka duba hannuwan yaran. In ba ka ga komai ba, ka gaya mini, in bayar da tiren in yi shiru har in mutu. In kuwa ka gani, ka karɓi usur ɗinka daga hannun jikana. Ko wanne ne, ka dube ni ka faɗa, kuma da Hausa. Ka amsa mini.